Tsagar da Aka Yi a Kan Ƙarfe

Daga kan gawo maigidana ya faɗo. Bazara ce, ciyawa ta ƙare a daji, awakinmu har sun fara tauna leda, shi ne ya hau gawon da ke bakin gonarmu ya sassaro musu ganye. Reshe ya ɓalle da shi. A kan amalanken jaki aka kawo mini shi, ni kuma cikina na fari ya tsufa, ko sunkuyawa in duba shi da kyau ban iya ba.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Kurfai, arewa da Filinge, kuma kamar kowa, wurin maɗori muka fara zuwa. Ya ja ƙafar, ya yi tofi, ya ɗaura kara. Amma karayar tana can ciki, a kwatangwalo, inda kan ƙashin cinya yake shiga ƙugu, wurin da kara ba ya kamawa. Maigida ya kwanta damina guda. A kwance ya ji kukan ɗiyarmu na fari, a kwance yake aka raɗa mata suna. Da ya tashi, ƙafar ta gajarce, ba ta ɗaukarsa ko zuwa bayan ɗaki. Yayansa da ke aiki a Kwatano ne ya matsa a kai shi Yamai, ya ɗauki nauyin komai. Ni na bi shi jinya da goyo a baya, don surukata, wadda nake kira Inna, ba ta jure tafiya a mato.

A Yamai aka ɗauki hoton ƙashin. Lokotoron, wato likitan, wani mai ƙuruciya, mai Hausar gabas, ya ɗaga hoton wajen taga ya nuna mana. Kan ƙashin ya mutu, ya rududduge kamar goron da ƙwaro ya ci. Suka yanke shi, suka sa na ƙarfe, mai mulmulallen kai da doguwar jela da ta shige cikin ƙashin cinya. Bayan aikin an sake hoto, na gan shi fari tas, kamar ludayin da aka manta a cikin mutum.

Zaman asibitin nan ban iya ba da labarinsa duka. Tabarmata tana gindin wani bango tare da na sauran masu jinya. In ba shi abinci, in ba ta nono, in wanke nashi, in wanke nata, in bi layin famfo. Wata rana na tsinci kaina ina jijjiga bokiti a baya, ɗiyar kuwa tana hannun wata Bazabarma da ke kusa da ni, tana yi mini dariya.

Ranar da za a sallame mu, lokotoro ya ja kujera ya zauna. Ya ce ni yake so in saurara, don maza da sun ji sauƙi mantawa suke yi.

"Ƙarfen nan ba shi da jini," ya ce. "Nama yana da jini, ƙashi yana da jini. In ƙwayar cuta ta shiga cikinsu, jini zai kai magani ya kashe ta. Amma in ta samu ta manne a jikin ƙarfe, sai ta yi wa kanta rufi, kamar gansakuka a cikin randa. Allura ba ta cika kai mata ba. Daga nan sai dai mu sake buɗewa mu cire, kuma in an cire, ban yi miki alkawarin zai sake takawa ba."

Na tambaye shi ta ina take shiga.

"Ta fata, mafi yawa. Ƙurji, miki, har ruɓaɓɓen haƙori. Duk abin da ya fito masa, a kai shi likita da wuri. Kada a tsaga wurin, kada a yi ƙaho, kada a yi sakiya."

Maigida mutum ne mai son raha, ko a gadon asibiti bai bari ba. Ya ce, "To likita, ku ba ku da abin da za ku shahwa mishi, ƙarhen, kahin ku sa? Mu can ko hwatar akuya sai an jiƙa ta da bagaruwa don kada ta ruɓe."

Lokotoro ya yi dariya, ya ce tunanin bai yi nisa da hanya ba. Ya ce akwai masu bincike da ke gwada haka. Suna tatso wani abu daga tsirrai, irin su ganyen shayi da kurkum, da dangin abin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, su tace shi, su lulluɓe ƙarfen da shi tun a inda ake ƙera shi, don kada ƙwayar cuta ta samu wurin kamawa, kuma kada nama ya kumbura a kewayensa.

"Amma har yanzu gwaji ne," ya ce. "Naka ba shi da shi. Naka, tsabta ce maganinsa, da matar nan taka."

Muka koma gida da kaka. Gari ya yi ta zuwa gaisuwa, kowa yana so ya ga mutumin da aka sa wa ƙarfe. Wani maƙwabcinmu har da kawo mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika, wai ya ga ko zai kama. Wani ya ce kada ya yarda ya zauna waje in ana tsawa. Maigida yana kishingiɗe a inuwar zana, yana jin daɗin taron, yana ba su labarin Yamai. Labarin da aka fi so shi ne na bagaruwa. Da farko yana faɗinsa yadda aka faɗa. Kafin a gama kai gero rumbu, maganar gwaji ta faɗi a hanya, labari ya koma likitocin Yamai da kansu sun ce bagaruwa ita ce maganin ƙarfe. Inna tana gefe tana saƙar faifai, amma kunnenta yana wurin.

Ba na so wani ya ɗauka Inna muguwa ce. Ita ta yi mini wankan jego. Da na ƙaru wurin haihuwa, ita ta dafa bagaruwa ta zaunar da ni a ciki safe da yamma har na warke, kuma na warke sarai. Tana da buhunta na bagaruwa rataye a ɗaki, ciwon baki, gudawa, ƙurajen yara, duk da ita take yi, mata suna zuwa roƙo daga wasu unguwanni. Ta binne ƴaƴa da yawa. Maigida shi ne autanta, shi kaɗai ya rage mata a gida.

Rani ya wuce lafiya. Ya bar sanduna biyu ya koma ɗaya, yana zuwa masallaci da kansa. Ni ce dai ban huta ba. Ko sauro ya cije shi a cinya sai na duba. Na hana shi tafiya ba takalmi, na hana shi saƙe haƙori da ƙaya. Yana ce mini jandarma, wato ƴar sanda.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, ciyawa ta taso, ya kasa zama yana kallon ni da tsohuwa muna fita gona. Wata safiya ya ɗauki hauyar tsaye, mai doguwar ƙota, ya bi mu a baya. Ya yi noma har rana ta take. Washegari bai iya tashi ba, kuma gefen ɗinkin ya ɗan tasa. Na taɓa da bayan hannu, ba zafi. Na ce ya kwanta, in bai faɗa ba ranar kasuwa mu je likita.

Inna ta zo ta duba, ta danna da yatsa.

"Tsatsa ta," ta ce. "Wane ƙarhe ka kwana cikin danshin damina bai yi tsatsa ba? Ko wuƙa ka mance waje, da sahe ka ga abin da ta koma."

"Inna, sun ce wanga ba ya tsatsa," in ji maigida.

"Sun ce. Su ne kuma sunka ce bagaruwa ta maganinai, ko ba kai ka hwaɗi ba, Auta? Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba."

Ta dafa bagaruwa ta riƙa gasa wurin da tsumma. Wannan ban hana ba, fata a rufe take, kuma ɗumin yana sa shi barci. Amma kumburin bai faɗa da sauri yadda take so ba. Muna tsakar gida ina tankaɗe, ta ce, kamar da kanta take magana, "Shahe-shahe a waje ina zai kai ga abin da ke can ciki? Su can sun shahwa ma ƙarhen da kanai. Mu sai mun buɗa ma magani ƙohwa."

Na san abin da take nufi. A wurinmu in ciwo ya yi zurfi, wanzami ake kira ya yi ƴan tsage-tsage da aska a kan wurin, a cusa garin magani, bayan kwana biyu ya dawo ya ƙara, ya aza ƙaho ya jawo mataccen jini. Ni kaina akwai tabon irinta a gwiwata. Kuma a wurinmu matar ɗa ba ta mayar wa suruka magana. Na sunkuyar da kai, na faɗa wa rariyar da ke hannuna, "Inna, lokotoro ya ce kada a tsaga."

"Lokotoro ya tsaga shi tun daga nan har nan, ya ɗunke awa buhu. Ƴar tsagar wanzami ta za ta kashe shi?"

Har yau in na tuna, sai in ga ta fi ni iya jera magana. Abin da na sani kawai shi ne gansakuka a cikin randa, kuma ban san yadda zan faɗe shi ba tare da ya zama kamar ina koya mata ba.

Na sami maigida a ɗaki na tuna masa. Ya ce, "Ba a yi. Bar ta ta yi ta hwaɗi, tsuhwa na." Shi mutum ne da ke cewa to ga duk wanda ke tsaye a gabansa. Na san haka tun kafin ranar, amma na gaji, na karɓi maganar don ina so in karɓa.

Ranar allurar rigakafin yara ta zo, na goya ɗiyata na bi mata zuwa ƙauyen da ke da ɗakin likita. Layi ya yi tsawo, ba mu dawo ba sai bayan azahar. Tun daga ƙofar gida na ji ƙanshin man shanu. Maigida yana kwance a inuwar zana, an ɗaura masa zane. Na ɗaga. Jere-jeren ƴan tsaga ne a gefen ɗinkin, an cike su da baƙin gari kwaɓe da mai. Bai dube ni ba.

"Ƴan ƙanana na," ya ce. "Ko jini ba su yi ba sosai."

Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba. Na kwance goyo, na zauna a kan turmi, na daɗe ina kallon kaji. Da Inna ta fita gona da la'asar, na tafasa ruwa na bari ya huce, na wanke wurin da sabulu. Garin ya riga ya shige, wani ba ya fita.

Kwana ɗaya ba komai. Har ya ce ciwon ya ragu, Inna tana ta walwala. Daga nan fatar ta fara sheƙi, ta ɗaure kamar fatar ganga, ta yi jaja-jaja a bakin tsagar. Na taɓa da bayan hannu na ji kamar gefen tukunya. Da yamma ya ce a rufa masa bargo, alhali mu zufa muke yi. Na ce a tafi Filinge. Inna ta ce dafin ne yake fitowa, alamar magani ya kama ke nan, gobe wanzami zai zo ya ƙarasa aiki da ƙaho.

Washegari da hantsi wanzami ya zo, da zabirarsa a kafaɗa. Dattijo ne mai fara'a, shi ya yi wa ɗiyata askin suna, Baba nake kiransa. Inna ta shimfiɗa masa tabarma. Maigida yana cikin ɗaki yana rawar sanyi. Ban shirya komai ba. Na dai ga kaina na ɗauki yarinya, na zauna a dokin ƙofar ɗakin, na miƙe ƙafafu suka tare hanya, na sa mata nono. Namiji ba ya tsallake ƙafar mace a wurinmu, balle mai shayarwa.

"Maijego, ba ni hanya," wanzami ya ce. Haka yake kirana har yau, ko da yarinyar ta fara tafiya.

"Baba, tana sha."

"To, mu jira sarauniya ta ƙoshi."

Ya zauna ya ciro aska yana wasa ta a fata. Yarinya ta gama da ɗaya, na juya ta ga ɗayan. Ta sha ta sha, barci ya ɗauke ta, na bar nonon a bakinta. Ƙafata ta yi sanyi, ban motsa ba.

"Ke, ɗiyar ga ta yi kwana," Inna ta ce. "Tashi ki ba mutane wuri."

"Ba ta ƙoshi ba, Inna."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ƙin bin umarninta ba. Wanzami ya ci gaba da wasa askarsa a kan fata.

"Ni dai na aske kan yaran garin ga tun kahin a haihe ki," wanzami ya ce, "ban taɓa ganin mai ci awa wagga ba. In ta girma sai kun ƙara rumbu."

Ba wanda ya yi dariya. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya mayar da aska cikin kube.

"Mi kike so, ɗiyata? Hwaɗi, rana na yi."

"Baba, shiga ka taɓa wurin da hannunka. Amma zabira ta tsaya nan."

Sannan ya sauke zabirar a kan tabarma, ni kuma na naɗe ƙafafuna. Ya shiga. Na ji yana tsokanar maigida, "Mai ƙarhe, an tashi lahiya?" Daga nan ban ƙara jin muryarsa ba. Da ya fito yana goge hannu a riga, ya ce wa Inna shi ba ya aza ƙaho a kan wuta, a nemi amalanke.

Inna ta fara faɗa, ta ce an raina ta a gidanta, yaran yanzu an ba su kunne a Yamai. Tana faɗan ta shige ɗakin ta gabana, zanenta ya shafi fuskata. Na leƙa na ga ta aza tafin hannu a goshin ɗanta, ta kira shi, bai amsa da kyau ba. Ta fito ba ta dubi kowa ba, ta yafa mayafi. Ita da kanta ta je ta aro amalanken.

A lokacin an hana hawa moto, wato babur, a yankinmu saboda rashin kwanciyar hankali, kuma mato ba ya shigowa sai ranar kasuwa. Jaki ne ya kai mu, ta cikin yashi da taɓo, maigida yana nishi a duk rami, ni ina riƙe da zane a kansa saboda rana, yarinya tana kuka a baya.

A likitar Filinge wata majo muka samu, wato babbar mai jinya, dattijuwa, idanunta kamar ita ma ba ta yi barci ba. Ta ɗaga zanen, ta yi tsaki, ta faɗi wani abu da Zabarmanci.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na gaya mata akwai ƙarfe a ciki. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni sosai, sannan ta fita ta buga waya Yamai. Da ta dawo ta wanke wurin, ta kankare garin har maigida ya cije hannun rigarsa, ta ɗaura masa ƙarin ruwa da allura a ciki. Daga nan ta ciro biro daga aljihu ta zana layi a fatarsa, ta kewaye kumburin duka, da ɗan tazara.

"Ke ce matatai? Zo ki gani. In kumburin ya tsaya cikin layin ga, to a hwata yake, muna iyawa da shi nan. In ya ƙetare, ko ya kasa motsa ƙahwar, Yamai za ku, kuma maganar cire ƙarhe ta. Kin gane?"

Na ce na gane.

Daga ranar ba ni da aiki sai layin nan. In na je ɗibar ruwa, in dawo in duba. In na hura wuta a bayan ɗakin marasa lafiya, in bar tukunya in zo in duba. Na samo tsinken tsintsiya ina gwada tazarar da ke tsakanin kumburi da layi, in karya shi daidai, in soke a bakin zane, anjima in sake gwadawa. Ta gaba tazarar ba ta motsa ba. Ta baya, wajen ɗuwawu, tsinken ya yi ta gajarta. Wata safiya na duba ban ga wurin aza tsinke ba. Na je na tsaya a ƙofar majo har ta gama da wani.

Ta zo ta sunkuya, ta danna, ta ɗaga ƙafar ta juya ta a hankali tana kallon fuskarsa.

"Ya taɓa. Bai ƙetare ba," ta ce. "Je ki ci abinci."

Ban iya ci ba. Yarinya ma ta kama gudawa, haƙori take fitarwa, duk zannuwana sun ƙare. Ina tunanin gonar da muka baro, ciyawa tana cinye gero. Maigida da zazzaɓi ya ɗan sake shi, ya fara neman magana.

"Jandarma, kin yi hushi?"

"Ba ni da ƙarhin hushi."

"Inna ce ta tsaya mini bisa kai. Kin san ta."

"Na san ta. Kai ma na san ka."

Ya juya fuska bango. Na ji tausayinsa, amma na bar shi haka.

Ranar kasuwa Inna ta zo, cikin maton da ta ce ba ta jurewa, fuskarta ta yi fari-fari da amai. Ta kawo fura a ƙwarya. Ta tsaya a kansa ta daɗe tana kallon layin biron, ba ta tambayi mene ne ba, ina jin an riga an gaya mata. Da za ta tafi ta kira ni waje, ta kwance bakin zane ta ciro wani ƙulli. Nan take na ji ƙanshin bagaruwa.

"Ba nashi ba na," ta ce, tana kallon wani wuri. "An ce ɗiyar na zawo. Jiƙa kaɗan."

Na karɓa da hannu biyu. Na nuna wa majo, ta ce in ajiye, ta ba ni garin gishiri da sukari in jiƙa wa yarinya. Ƙullin ya zauna a ƙasan kwanona har muka koma.

Kumburin ya tsaya a kan layin kamar ba zai motsa ba. Sannan wata safiya na ga fatar ta yi ƴan tamoji, sheƙin ya tafi. Washegari tsinke ya samu wurin zama. Ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, kamar tafki bayan damina, yana barin busasshiyar fata tana saɓa. Majo ta jiƙa auduga ta goge layin, ta ce allurai sun ƙare, saura ƙwayoyi, amma lalle mu je Yamai a duba cikin.

Muka je bayan an yi girbi, abin da ciyawa ta bar mana. Lokotoron nan ne dai. Ya duba tabon tsagar. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, muka jira. Da ya kira mu ya ce ga alama cutar ta tsaya a fata, ba ta kai ga ƙarfen ba, ƙarfen yana zaune daram. Amma ya ce irin wannan ƙwayar tana iya lafewa ta daɗe, don haka in zazzaɓi ya zo ba dalili, ko ciwo ya tashi alhali yana kwance, kada mu jira.

Ya tambayi yadda aka yi har aka tsaga. Maigida ya ba shi labari tun daga farko, da abin da Inna ta ce na buɗa wa magani ƙofa. Lokotoro ya dafe kai da hannu biyu.

"Wato daga bakina ta fito."

"A'a likita, daga nawa ta," in ji maigida. "Kai ka ba ni ɗan akuya, ni na kiwata shi ya zama raƙumi."

Lokotoro ya yi murmushi, ya ce maganar dai tana nan, ana ci gaba da gwajin, mai yiwuwa kafin lokacin da za a sauya masa wannan, a samu mai rufin.

Na ce, "A sauya?"

Ya dube ni, ya ga ban sani ba. Ya ce ai ƙarfen yana cinyewa da tafiya, kamar kowane abu. Ga mai shekarun maigida, wata rana sai an sake. Ba yanzu ba, da sauran shekaru masu yawa in an kiyaye. Yana tsammanin an gaya mana tun farko. Wataƙila an gaya mana, da Faransanci, ranar da hankalina yake wurin famfo.

Muka fito. Maigida yana gaba da sandarsa, yana takawa da ƙafafunsa biyu, har yana tsayawa ya taya wani mai rake ciniki. Ƙafar tana nan, har yau da ita yake zuwa kasuwa ya zauna ya sayar da albasa, noma kuwa ya bar mini. Amma a ranar ban iya yin murna ba, kuma ban iya fara sabuwar damuwa ba. Na zauna a kan matakalar asibitin na ɗan jima, sannan na tashi na gyara goyo, muka nemi tasha.

A cikin mato na kwance yarinyar na aza masa ita a kan cinyarsa mai lafiya. Na ce ya riƙe ta da kyau, kada ta taka ɗayar. Na jingina kai da buhun wata mata, ban farka ba sai Baleyara.